Yadda Ake Samar da DAI Ta Hanyar Jingina

DAI kuɗin intanet ne da aka tsara ya riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka, kowane ɗaya a kan dala ɗaya. Ƙungiyar MakerDAO, wadda Rune Christensen ɗan ƙasar Denmak ya assasa, ta fito da shi a watan Disamba na 2017 a kan Ethereum. Ba banki ne ke buga shi ba. Duk lokacin da wani ya ba da jingina ya ci bashi, a nan ake haifar sabon DAI.

Da farko mutum zai buɗe asusun kirifto irin su MetaMask, ya rubuta kalmomin sirri 12 da aka ba shi a takarda ya adana, sannan ya zuba ETH, wato kuɗin Ethereum, a ciki, da ɗan ƙari na kuɗin gas, wato ladan da ake biya kan kowace hada-hada a Ethereum. Daga nan sai ya buɗe ma'ajiya a manhajar ƙungiyar, ya kulle ETH ɗinsa.

Yanzu sai lissafi, kuma a nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Ƙa'idar da aka fara da ita ita ce jingina ta kai kashi 150 cikin 100 na bashin. Wanda ya kulle ETH na dala 1,500 ba zai ɗauki fiye da DAI 1,000 ba. Amma in ya kwashe dubun duka, farashi na ɗan motsawa ƙasa ya shiga uku. Wanda ya ɗauki 600 kuwa, sai jinginarsa ta faɗi zuwa dala 900 kafin a taɓa ta. Ni dai ina ganin duk wanda ya ci bashi har bakin iyaka bai fahimci abin da ya shiga ba.

Abin ya yi kama da jinginar gona, sai dai a nan babu mai unguwa ko dattijon da zai roƙa maka a ƙara mako guda. Akwai masu kai rahoton farashi ga manhajar. Da zarar jingina ta gaza, sai a yi gwanjonta, a biya bashin, a cire tara ta kashi 13 cikin 100, a mayar wa mai ita abin da ya rage.

Idan komai ya tafi daidai, mai bashi zai mayar da DAI ɗin tare da kuɗin da ya taru a kai, a ƙone wanda ya mayar, ya karɓi ETH ɗinsa. Wannan ƙarin kuɗin ruwa ne, ko da wane suna aka ba shi, don haka mai gudun riba ya tuntuɓi malaminsa tun kafin ya kulle komai.

To, wa ke yanke yawan kuɗin ruwan da irin jinginar da za a karɓa? Har zuwa 2025, masu riƙe da MKR, wato kuɗin kirifto na ƙungiyar, su ne ke yankewa, ta hanyar ƙuri'a, kuma nauyin ƙuri'ar mutum gwargwadon MKR ɗinsa ne. Mai abu da yawa shi ke da baki. A 2024 ƙungiyar ta koma suna Sky, ta fito da sababbin kuɗaɗen kirifto, USDS da SKY.

An gwada tsarin sosai a ranar 12 ga Maris, 2020. ETH ya rasa kusan rabin darajarsa, hanyar Ethereum ta cunkushe, kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo, masu taya gwanjo da dama suka kasa shiga. Wasu suka taya a kan sifili, suka tafi da ETH na fiye da dala miliyan 8. Ƙungiyar ta ƙirƙiro sabon MKR ta yi gwanjonsa don cike giɓin da aka bar mata, amma masu ma'ajiyoyin da abin ya rutsa da su, jinginarsu ta tafi gaba ɗaya.