Iyaka Uku a Littafi Ɗaya

'Ya'yana, na ga taswirar da kuke ta turawa juna a waya, kowa na rantsuwa cewa ita ce iyakar da Yahudawan dā suka rubuta wa ƙasarsu. Ku zauna mu duba a tsanake, don su kansu marubutan ba su tsaya kan iyaka ɗaya ba.

A Littafin Farawa, inda ake ba da labarin alkawarin da aka yi wa Annabi Ibrahim, ƙasar ta miƙe tun daga kogin Masar har Yufiretis. Littafin Ƙidaya, sura ta 34, ya rage ta sosai, ya kuma bi ta daki-daki kamar dattijon da ke zagaya gona da magada: a tashi daga Tekun Gishiri, a bi ta Kadesh-barneya, a gangara rafin Masar, sai Bahar Rum ta tare yamma, Kogin Urdun ya tare gabas. Littattafan Sama'ila kuwa garuruwa biyu suke ambata, Dan a arewa da Biyersheba a kudu, tsakaninsu kimanin kilomita 240.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Ezekiyel. An kwashe shi zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A can, yana baƙo a bakin kogin Kebar, ya yanka ƙasar layi-layi daga arewa zuwa kudu, ya ba kowace kabila cikin goma sha biyun rabonta, alhali Assuriyawa sun riga sun tarwatsa masarautar arewa tun 722. Ba a taɓa yin wannan rabo a ƙasa ba. Kewar gida ce ta riƙe masa alƙalami, kuma ni ban iya karanta wurin ba tare da tausayi ba.

Sannan ku lura da Saminu, shugaban Yahudawan da ake kira Makabiyawa. Da Sarki Antiyokus na Bakwai ya aiko yana neman a mayar masa da garuruwan da Yahudawa suka ƙwace, Saminu ya amsa cewa gadon kakanninsu suka karɓo. Amma a kan biyu daga cikin garuruwan, Yafa da Gazara, sai ya yi tayin biyan kuɗi talanti 100.

Don haka idan an sake turo muku taswira, kafin ku tura gaba, ku nemi sanin daga wane littafi aka ciro ta, a wane zamani aka rubuta shi, kuma marubucin yana zaune a ƙasar ne ko yana tuna ta daga Babila.