Hatimin da ke Gindin Tangaran

A ƙauyukanmu na ƙasar Ɗambatta da Bichi da Makoɗa, da wuya ka shiga ɗakin uwa ko kaka ba ka tarar da jere ba. Galibin kayan jeren kwanuka ne na ƙarfe masu fenti, waɗanda aka riƙa kawowa daga ƙasashen waje, kafin 'yan kasuwar Hong Kong su kafa masana'antunsu a Nijeriya a shekarun 1960. Amma jefi-jefi akan sami tangaran a tsakaninsu, na gado ko tsarabar Makka. In ka ƙwanƙwasa shi da farce sai ya yi ƙara garau, in kuwa siriri ne ka ɗaga shi a rana, za ka ga haske yana ratsa shi. To, kifa shi ka dubi gindinsa. Sau da yawa akwai wata alama mai kusurwa huɗu, shuɗiya ko ja, kamar hatimin da sarakunanmu ke bugawa a wasiƙa.

Mutanen Sin su ne mafarin wannan sana'a, kuma garin Jingdezhen shi ne cibiyarta. A zamanin daular Ming, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, aka saba rubuta sunan zamanin sarki a gindin kayan fada. Daular Ching da ta gaje ta ta ci gaba da haka, kuma a zamanin Sarki Chiyanlung, 1736 zuwa 1795, aka fi yawaita yin rubutun da tsofaffin haruffan hatimi masu lanƙwashe-lanƙwashe.

Karanta shi bai kai yadda ake tsoro ba. Yawanci haruffa shida ne. Ana farawa daga dama kamar ajami, sai dai daga sama ake gangarowa ƙasa, sannan a koma layi na gaba. Harafin farko ya yi kama da mutum ya ware hannuwa da ƙafafu, ma'anarsa "babba". Na biyu sunan daular ne. Na uku da na huɗu su ne sunan zamanin sarkin, kuma nan ne duk aikin yake. Biyun ƙarshe suna nufin "an yi a shekarun". Ke nan hatimin cewa yake yi, alal misali, "An yi a shekarun Chiyanlung na babbar daular Ching." In haruffa huɗu ne, to, an bar biyun farko.

Sai dai fa, jama'a, hatimi iƙirari ne kawai, ba shaida ba ne. Magina na zamanin Sarki Kangshi, 1662 zuwa 1722, sun riƙa sa sunan Chenghuwa, wanda ya yi mulki tun 1465 zuwa 1487, don girmama gwanayen da. Na bayansu kuwa don kuɗi suka yi, har gobe kuma ana yi. Dalilin a fili yake: a 2014 an sayar da wani ɗan kofi na ainihi na zamanin Chenghuwa, mai zanen kaji, a Hong Kong a kan dalar Amurka wajen miliyan 36. Ina mai cin kasuwa da zai ji wannan ya bar gindin kwanonsa ba rubutu?

Saboda haka sai a haɗa da wasu alamu. Shuɗin hatimi na da, da hannu aka rubuta shi kafin a shafa ruwan ƙyalli a gasa, don haka yana can ciki, yatsa ba ya jin tudunsa. Jan hatimin da aka buga da tambarin roba a sama yakan fito dishi-dishi, kuma yawancinsa na ƙarni na 20 ne. In ka ga kalmar CHINA da boko, magana ta ƙare, domin daga 1891 ne dokar Amurka ta tilasta a rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigar mata. Irin wannan bai riga wannan shekara ba, ko da sunan wane sarki yake ɗauke.

A ganina, mafi yawan tangaran da ke ɗakunan iyayenmu na wannan aji ne. Duk da haka, in dillaliya ta zo tana neman musayar tsohon tangaran da sabuwar kula, kada a yi gaggawa. A sa ɗan makaranta ya kwafi haruffan a takarda, ko ya ɗauki hotonsu da waya, a kai wa masana kayan tarihi a Gidan Makama a Kano su duba tukuna.