Mafarkin da mutum ke juya shi da kansa: ru'uya ne ko zancen zuci?

 

'Yan'uwa, wani abu ya shigo tsakaninmu ɗalibai a nan Yamai: koyon yadda mutum zai gane mafarki yake yi alhali yana cikinsa, har ya riƙa juya shi yadda yake so. Abin ba tatsuniya ba ne. A 1975 Keith Hearne a Ingila, daga baya Stephen LaBerge a Jami'ar Stanford ta Amurka, sun nuna mai barci na iya ba da alama da motsin idanu, wadda aka shirya da shi tun kafin ya kwanta. Galibi yana faruwa ne wajen ƙarshen dare, shi ya sa masu koyarwa ke cewa ka farka bayan awa biyar, ka ɗan zauna, ka koma ka kwanta da niyya.

Ni ma na gwada, kuma ba don wasa ba: Shehu nake son gani. Dare ɗaya na gane ina mafarki, na kira shi, sai ga dattijo da farin rawani yana faɗa mini daidai abin da nake son ji. Na tashi da murna, rana ta riga ta fito, Asuba ta wuce ni.

Da na kai wa muƙaddaminmu labari, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ɗana, wa ya kawo shi, kai ko Allah?"

Hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, baƙantawa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Bushara kyauta ce, zuwa take yi. Wanda ka tsara kayansa da maganarsa, daga cikinka ya fito, don haka gidansa na uku ne. Hankalinka a cikin mafarki bai canja asalinsa ba. Ko ganin Manzon Allah (SAW), wanda Shaiɗan ba ya iya kama da shi, Ibnu Sirina kan ce wa mai ba da labari ya siffanta wanda ya gani. In siffar ta saɓa, sai ya ce ba shi ka gani ba.

Haɗarin ya fi yawa a baki. In ka zo zawiya ka ce "na ga Shehu ya ce kaza" ba tare da bayyana kai ka shirya ba, ka kusanci gargaɗin da ya zo kan mai ƙirƙirar mafarki, wanda za a kallafa masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar Alƙiyama, kuma ba zai iya ba.

Muƙaddami bai ce mini haramun ne ba. Ya ce in kwanta da alwala a gefen dama, in yi addu'o'in barci, in mayar da ƙararrawar salula lokacin kiran salla, abin da ya zo kuma in kawo masa kafin kowa ya ji. Wata huɗu ke nan ban ga komai ba. Asuba da lazimin safe dai sun dawo wurinsu.