Amsoshin Tambayoyinku: Me Suleja Take Da Shi Na Ƙashin Kanta?

Tambaya: A makaranta an ce mu yi rubutu kan yanayin ƙasarmu da garuruwanta da masana'antunta. Na duba ban ga komai ba sai tankokin mai da motocin da ke kwasar mutane zuwa Abuja. Shin Suleja tana da wani abu nata kuwa?
Daga wata ɗaliba a Suleja.

Amsa: Tana da shi, kuma yana cikin ƙasar da kike takawa kullum. Amma bari mu fara da shimfiɗar wurin.

Suleja tana gefen kogin Iku, a gindin duwatsun Abuchi. Babban kogin yankin shi ne Gurara, wanda ya taso daga jihar Kaduna, ya bi ta Izom, ya gangara kudu har ya faɗa kogin Kwara kafin Lakwaja. A kan Gurara ne ruwan nan mai zubowa daga tsauni yake, wanda masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo ta hanyar Minna. Daga madatsar ruwan Gurara kuma ake tura ruwa zuwa madatsar Usuma, wadda birnin tarayya ke sha daga gare ta. Ga dutsen Zuma kusa da Madalla, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100.

Waɗannan duwatsu su suka jawo kafa garin. Da mayaƙan jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Gwari da Koro. Ƙanensa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja, a wurin da dawakin abokan gaba ba za su yi sukuwa yadda suke so ba. Shi ya sa har yau ake ce wa sarkinku Sarkin Zazzau. Da gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon birnin tarayya a 1976, masarautar ta ba da ƙasa mai yawa, ta ba da sunan Abuja ma, garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Garuruwan kewaye kuwa hanya ce ta raya yawancinsu. Madalla da Dikko da Sabon Wuse suna kan titin Kaduna. Lambata nan ne hanya ke rabuwa, ɗaya ta nufi Minna, ɗaya Lapai da Bida. Tankokin da kike gani suna da nasaba da ma'ajiyar man fetur ta NNPC da ke Suleja. Ƙauyukan bayan titi kuma doya da dawa da masara suke nomawa.

To, ga inda nake so ki tsaya ki zurfafa: yumɓu. Tun kafin zuwan Turawa matan Gwari sun shahara da ginin tukwane. Ba su amfani da injin juyi. Mace za ta ajiye curin yumɓu, ita ce za ta riƙa zagaya shi tana jan bangon tukunyar sama da hannu, tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu har randa ta tashi. Kafin ta bushe sai ta zana mata ƙadangare ko kunama ko kifi, sannan a jera tukwanen a fili, a lulluɓe da itace da ciyawa a gasa. Sarki Sulaimanu Barau yana tara irin waɗannan tukwane a fadarsa, a nan ne Baturen Ingila Michael Cardew ya ga aikin wata gwanar gini mai suna Ladi Kwali. Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garinku a farkon shekarun 1950, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta ci gaba da gini irin na gida, sai dai a cibiyar ana shafa wa randunanta ruwan ƙyalli a gasa su a murhu mai tsananin zafi. An baje kolinsu a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ita ce matar da ke bayan takardar naira 20.

Gaskiyarki ce cewa manyan masana'antu sun yi ƙaranci. Tun da aka mayar da fadar gwamnati Abuja a 1991, dubban ma'aikatan da hayar birni ta fi ƙarfinsu suke kwana a Suleja su yi sammako su tafi aiki. Sai mai kuɗi ya ga gina ɗakunan haya da shaguna ya fi saurin kawo riba a kan kafa masana'antar da ke buƙatar wuta tsayayya. Abin yana damuna, domin ga yumɓu, ga ruwa, ga gwanaye, ga babbar kasuwa a bakin ƙofa, amma sana'ar da ta fitar da sunan garin duniya ta ja baya, roba da ƙarfe sun maye gurbin tulu a gidaje.

Kafin ki rubuta aikinki, ki nemi izinin iyayenki ki je cibiyar da yanzu ke ɗauke da sunan Ladi Kwali. Ki kuma sami wata tsohuwa mai gini ki tambaye ta inda take haƙo yumɓunta, da nawa take sayar da randa ɗaya a yau.