Darasi: Rabon Abinci a Ƙasar Ƙanƙara

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7

A cikin karatunmu mun ga gunaguni ya tashi cikin Ekklesiya ta fari a kan abinci, gama ana manta da waɗansu gwauraye wurin rabo. Manzanni ba su ce wannan zancen ciki ne kawai ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe aikin. Bari mu duba wata al'umma mai nisa wadda ta ke fama da irin wannan matsala.

Can arewacin Kanada akwai mutanen da a ke kira Inuit. Dā Turawa su kan ce da su Eskimo, amma su sun fi son sunansu, ma'anarsa kuwa "mutane". Ƙasarsu ba ta nomuwa saboda sanyi. Duk da haka Allah bai bar su ba abinci ba. Akwai karibu, mai kama da barewa, da kifi, da wata dabbar teku mai kitse da a ke kira sil. Namanta yana ƙara jini ƙwarai. Fatar wel, babbar dabbar nan ta teku, tana da bitamin C, abin da mu mu ke samu cikin lemo. Turawa matafiya da yawa sun mutu a wuraren nan da ciwon da ke sa dasashi jini, haƙora su zube, alhali Inuit suna zaune lafiya kusa da su.

Daga wajen 1950 gwamnati ta tattara su cikin garuruwa. Farauta ta ragu, cin gwangwani da sukari ya ƙaru, haƙoran yara suka lalace, ƙarancin jini ya yawaita. Abincin kanti kuma da tsada, domin babu hanyar mota zuwa garuruwa 25 na Nunabut. Sai jirgin sama, ko jirgin ruwa lokacin da ƙanƙara ta narke. Binciken lafiya na 2007 da 2008 ya tarar kusan gida 7 cikin 10 na Inuit a Nunabut ba su da tabbacin isasshen abinci. Wannan fa a cikin ƙasa mai arziki!

A 2011 gwamnati ta soma biyan masu kanti kuɗi domin su rage farashi. A 2014 babban mai binciken kuɗin Kanada ya ce ba a tabbatar ko dukan ragin yana kaiwa ga mai saye ba. A ganina abin da mutanen suka yi wa kansu ya fi kama da aikin mutum bakwai ɗin nan. A yankin Nunabik, bisa ga yarjejeniyar 1975, aka kafa shirin taimakon mafarauta: a sayi naman da suka kamo, a sa a babban firiza na gari, wato rumbun kowa da kowa. Tsohuwar da ba ta da ɗa mafarauci ta zo ta ɗiba, ba ta biyan ko kwabo. A waɗansu ƙauyukan yankin ma'aikatan lafiya suka riƙa raba wa mata masu ciki wani kifi mai kyau kyauta, domin naman wel yana ɗauke da zaiba, wadda ta ke cutar da jariri.

Amma rumbu ba ya cika kansa. Farauta tana cin man fetur da harsashi, samari da yawa kuma sun tashi ba su iya ta ba. A garin Nain na Labrador, inda mishan na Morabiya suka sauka a 1771, an soma wani shiri a 2012: ana haɗa samari da gwanayen mafarauta, su fita tare, su koyi gane ƙanƙarar da za ta ɗauki mutum da wadda za ta fashe. Naman da suka samo ya shiga firizan gari, samarin kuma da kansu suka riƙa kai wa tsofaffi rabonsu har gida.