Ina mai bindiga zai ajiye ta idan an hana shiga da ita?

A Amurka, lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye ba ya buɗe wa mutum kowace ƙofa. Kotuna da gine-ginen gwamnatin tarayya sun hana shiga da ita, ƙa'idar gidan waya kuwa ta haɗa har da filin ajiye motoci. A Texas, allo mai jan rubutu na 51% a ƙofar mashaya alama ce ta hana shiga da ita.

Sai mutane da yawa su bar ta a mota, kuma a nan ɓarayi ke cin kasuwarsu. Ƙungiyar Everytown ta gano cewa a 2022 ana sace aƙalla bindiga ɗaya daga mota duk bayan minti 9. Aljihun gaban mota ba ma'aji ba ne, dokar California ma ba ta yarda da shi ba. Abin da ya dace shi ne ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli, ɗaure da wayar ƙarfe a ƙarƙashin kujera.

Mai hankali yakan kulle ta tun kafin ya isa, don kada wani ya ga lokacin ajiyar. Yakan sa ta da kubenta, domin yawan taɓa ta ke jawo harbin kuskure. Idan ya san yinin kotu zai yi, gara ya baro ta a gida cikin ma'ajinta.