An ware mini moɗa saboda ciwon baki, wai korona ce

 Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, raina a ɓace. Tun lokacin da maigida yake dashen tumatir na yi mura da zazzaɓi mai zafi, na daina jin ɗanɗanon komai, ko gishiri na lasa kamar na lashi ƙasa. Zazzaɓin ya tafi, baki ya ƙi warkewa. Harshena ya yi fari, gefen baki ya tsage, abu mai yaji ba ya ciyuwa. Mai kemis ya yi mini allura, ya ba ni kafso da wasu ƙananan ƙwayoyi farare, in sun ƙare in aika a ƙaro.

Ba ciwon ne ya dame ni ba Malam. Abokiyar zamana ce ta ce wai korona ce ta zauna mini a baki, ta kai wa uwar mijinmu. Daga ranar aka ware mini moɗa. Shekara da shekaru randa ɗaya muke sha, yau an ɗaura wa moɗata jan ƙyalle an rataye ta daban. Yaran da na haifa ma an hana su cin ragowata. Ni nake dafa wa 'yan ƙwadago shinkafa da wake, yarinya ta kai musu gona, yanzu magana ta fita, yadda ta tafi da abincin haka take dawowa da shi. Maigida ya ce in yi haƙuri. Ga shi har an fara ɗibar tumatir ana kaiwa kasuwar Kwanar Gafan, moɗar tana nan a rataye. Ni ban je ko'ina ba, ban ga Bature ba, ina zan samo korona? Ai ma an ce ta wuce. Wata ta ce in riƙa kurkure baki da ruwan kanwa da lemon tsami, wata ta ce in yi yaji har sai sun zo biko. Don Allah ka rubuta cewa ba korona ba ce, a karanta musu, su mayar mini da moɗata.

Daga wata baiwar Allah.

AMSA

'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya.

Takardar shaidar da mai wasiƙar take nema ba za ta fito daga wannan fili ba, domin abin da ta bayyana a farkon ciwonta, wato mura da zazzaɓi da ɗaukewar ɗanɗano baki ɗaya, yana cikin sanannun alamomin korona. Batun rashin ganin Bature kuwa ya kamata a ce mutanen Kano sun daina yin sa. An tabbatar da cutar a jihar ranar 11 ga Afrilun 2020, kafin watan ya ƙare maƙabartun birni sun cika da sababbin kaburbura. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Yawancinsu dattawa ne masu wani ciwon a jiki. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a Mayun 2023 shi ne cutar ta daina zama lamarin gaggawa na duniya. Ƙwayar tana nan tana yawo, kuma gidan da maigida yake cuɗanya da dillalai da direbobi daga Legas da Fatakwal a kasuwar tumatir ba ya buƙatar baƙo daga Turai.

Abokiyar zaman ma ba ƙarya ta shara gaba ɗaya ba. Ƙwayar korona tana shiga baki. Wani bincike da aka buga a Amurka a Maris na 2021 ya nuna tana kama ƙwayoyin halittar da ke samar da yawu da na fatar cikin baki, tana hayayyafa a can, tana fita a yawu. Shi ya sa wasu masu cutar suke fama da bushewar baki, ko ƙuraje a harshe da ganɗa, ko su ji abinci salam. Da a kwanakin farko aka ware moɗar, da an yi daidai, ko da yake numfashi da tari a rufaffen ɗaki sun fi moɗa yaɗa cutar nesa ba kusa ba. Amma mafi yawan masu korona ba sa harbin kowa bayan kwana goma. Kowane manomi ya san daga dashen tumatir zuwa ɗibar fari ana haura wata biyu. Jan ƙyallen nan ya daɗe da gama aikin lafiya, abin da yake yi yanzu tozarci ne, kuma ya kashe wa baiwar Allah sana'a.

Sai dai inda hankalin wannan fili ya tsaya daban ne da inda na mai wasiƙar ya tsaya. Ta yi layi goma a kan moɗa, ta yi layi ɗaya a kan mai kemis. Layin nan ɗaya shi ne maganar.

Harshen da ya yi fari ya ƙi washewa, ga tsagewar gefen baki, ga raɗaɗi in an ci yaji, ya fi kama da wata irin funfuna da likitoci suke kira kandida. Tana zaune a bakin mutane da yawa ba ta cutar da su, domin ƙwayoyin halitta masu amfani da garkuwar jiki sun danne ta. Abu biyu ne suka fi sakin mata mara. Na farko kafso irin su amfisilin da amoksisilin in an daɗe ana sha, domin suna share ƙwayoyin da ke tsare baki, ga shi kuma ba sa taɓa korona ko mura ko kaɗan. Na biyu magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki, irin su dezametazon da firedinisolon, waɗanda sau da yawa ƙanana ne farare, kuma su ne ake cusawa a haɗin da mata suke kira sha-ka-fashe. Dezametazon magani ne na ƙwarai a hannun likita: a Yunin 2020 binciken da aka yi a asibitocin Birtaniya ya nuna yana rage mace-mace a cikin masu korona da aka sa wa iskar numfashi. Ga wanda ciwonsa bai kai nan ba, bai nuna amfani ba. Wanda ya daɗe yana sha kuma sugansa na iya hawa, fuska ta kumbura, baki ya yi fari. Mai wasiƙar ba ta faɗi sunan abin da take sha ba, da alama ba ta tambaya ba, shi ma mai sayarwa bai ga dalilin faɗa mata ba. Wannan ɗabi'a ta ƙulla ƙwaya tsirara a leda a miƙa wa mara lafiya tana cutar da mutanen karkara kullum, ba wanda yake ƙirga su.

Don haka tambayar da ta fi ta korona muhimmanci ita ce: me ya hana bakin nan warkewa wata biyu? Wasiƙar ba ta faɗi shekarun mai ita ba, ko tana da ciki ko tana shayarwa, ko tana yawan jin ƙishirwa da tashi fitsari cikin dare, ko ta rame. Ciwon suga yakan fara bayyana kansa a baki. Ƙarancin jini yana tsaga gefen leɓe. Likita mai lura zai so a yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki ma, kuma wannan ba zargi ba ne, ƙa'idar aiki ce. Duk gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba sai an duba shi da ido, domin ciwon daji na baki haka yake farawa.

Abin yi a bayyane yake. Ta tattara ragowar magungunan da ledarsu ta tafi Babban Asibitin Kura, ta nemi a duba bakin, a auna suga da jini. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ta sashen haƙori da baki na Asibitin Malam Aminu Kano. Kada ta yanke ƙananan ƙwayoyin nan rana ɗaya da kanta, domin in dezametazon ne, jikin da ya saba da shi makonni yana iya rikicewa, likita ne yake rage shi sannu a hankali. In kandida ce, maganinta ba tsada, akwai na ɗigawa a baki irin su nistatin, kuma galibi cikin mako biyu harshe yake komawa ja.

Kafin nan ta riƙa kurkure baki da ruwa mai ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi, ta yi asuwaki a hankali kada ta fasa dasashi, ta yawaita shan ruwa, ta rage yaji da kayan zaƙi. Kanwa da lemon tsami ƙona ɗanyen ciwo za su yi. Ruwan kurkure baki na kanti yana iya rage ƙwayar korona a yawu na ɗan lokaci, amma ba ya warkar da ita, ba ya hana kamuwa. Ɗanɗano kuma yakan dawo wa yawancin mutane cikin makonni, wasu sai an yi watanni.

Gidan da ke tsoron korona da gaske, ga inda zai sa ƙarfinsa: mai mura ya sa takunkumi, a buɗe taga, a wanke hannu da sabulu, a tambayi asibiti batun rigakafi saboda tsohuwar gidan, domin ita ce cutar ta fi yi wa barazana.

Saura maigida. Malam, haƙuri ba ya auna suga. Kuɗin kwandon tumatir ɗaya ko biyu zai kai matarka Kura a duba ta. Ka kai ta a makon nan, in kun dawo ka kwance ƙyallen da hannunka, ka ɗebi ruwa da moɗar ka sha a gaban mahaifiyarka da sauran iyalinka.